Digiri a Kan Ma'auni: Yadda Za Mu Lissafa Ribarsa da Buhun Gero

Gabatarwa

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, hukumar JAMB kuma ta fara ba da gurabe, akan tayar da wata tsohuwar muhawara a zaurukan Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Kebbe da Kuchi. Ga yaro ya ci jarrabawa, ga gona tana neman hannu, ga kuma ƙanne a baya da su ma ke jiran nasu rabon. Wasu dattawa su ce a tura shi, ai ilimi gishirin zaman duniya ne. Wasu kuwa su nuna masu digiri da ke kabu-kabu a cikin birnin Sakkwato, su ce me aka yi ke nan. Kowane ɓangare yana da misalin da zai kafa hujja da shi, saboda haka gardamar ba ta ƙarewa.

Wannan darasi zai ɗora tambayar a kan ma'auni. Za mu koyi hanyar da masana tattalin arziki ke bi su gane ko wani jari yana mayar da abin da aka zuba masa, sa'an nan mu gwada ta da abin da kowa ya sani a ƙasar Tambuwal da Kebbe, watau buhun gero. Lissafin da ake bukata bai wuce na aji huɗu na sakandare ba. Abin da za mu tarar shi ne, mafi nauyin tsadar digiri yana cikin shekarun da yake ci, kuma shekarun nan su ne ke yanke hukuncin riba ko faɗuwa.

Ilimi a Matsayin Jari

Tun a shekarar 1776 wani masani ɗan ƙasar Sikotlan, Adam Smith, ya kamanta mutumin da aka kashe wa dukiya da lokaci wajen koyon sana'a da inji mai tsada, wanda ake sa ran aikinsa zai mayar da kuɗin sayensa har da riba. Wannan tunani bai sami cikakken tsari ba sai bayan kusan shekara ɗari biyu, lokacin da Theodore Schultz a 1961 da Gary Becker a 1964 suka bayyana abin da aka sani da jarin ɗan Adam. Ma'anarsa ita ce, ƙwarewar da ke kan mutum dukiya ce kamar gona ko injin niƙa: ana kashe mata kuɗi yau domin ta riƙa bayarwa gobe.

Wani masanin, Jacob Mincer, ya fito da hanyar aunawa a 1974. Akan tara bayanan dubban ma'aikata, a dubi shekarun da kowa ya yi a makaranta da shekarun da ya yi yana aiki da abin da yake samu, sai a fitar da ƙarin da kowace shekara guda ta karatu ke kawowa. A 2018 George Psacharopoulos da Harry Patrinos suka tattara irin waɗannan bincike sama da dubu daga ƙasashe 139, suka tarar cewa a matsakaici, kowace shekarar karatu tana ƙara wa mutum kimanin kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu. Sun kuma tarar ribar ta fi yawa ga mata, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara suna cikin inda ta fi tsoka.

Wannan labari ne mai daɗi, amma akwai abu biyu da ya kamata ɗalibin kimiyya ya lura da su. Na farko, matsakaici ba alkawari ba ne ga kowane mutum. Kogin da matsakaicin zurfinsa iya gwiwa ne yana iya samun gurbin da zai haɗiye raƙumi. Na biyu, yawancin waɗannan bincike an yi su ne a kan masu albashi, alhali binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024 ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna ayyukan da ba na ofis ko rijistaccen kamfani ba ne. A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe kuwa, noma da kiwo da fatauci su ne abin dogaro. Don haka dole kowane gida ya yi nasa lissafin.

Tsadar Fili da Tsadar Ɓoye

Tsadar digiri iri biyu ce. Ta farko ita ce tsadar fili, watau kuɗin da ake zarowa daga aljihu: fom ɗin JAMB, kuɗin rijista na kowace shekara, hayar ɗaki, abinci, littattafai, kayan gwaje-gwaje, da kuɗin mota. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, ta Shagari da Boɗinga. Ɗan Kebbe kuwa tasa ta fi haka tsawo. Jami'o'in tarayya, irin su Jami'ar Usmanu Danfodiyo wadda aka kafa a 1975, ba sa karɓar abin da ake kira kuɗin koyarwa daga masu digirin farko, amma akwai kuɗaɗen rijista da na hidimomi, waɗanda da yawa daga jami'o'in suka ƙara a 2023. A wannan shekara ce kuma aka janye tallafin man fetur, abin da ya ɗaga kuɗin mota da na abinci.

A nan akwai wata ƙa'ida: abin da za a rubuta shi ne ƙarin da karatu ya jawo kawai. Yaro zai ci tuwo ko yana gida ko yana jami'a, saboda haka bambancin da ke tsakanin cin abincin gida da sayen abinci a birni shi ne zai shiga lissafi.

Ta biyu ita ce tsadar ɓoye, wadda ba a ba da rasit a kanta, shi ya sa aka fi mantawa da ita. Ita ce abin da matashi zai samu da a ce bai tafi makaranta ba: amfanin gonar da zai noma da damina, albasa ko shinkafar da zai yi a fadama, ragunan da zai turka don layya, kuɗin da zai komo da su daga cin rani, da ƙwarewar da zai tara a shagon walda ko ɗinki ko gyaran waya. Idan babu shi a gona sai an ɗauki ɗan ƙodago, wannan ma tsada ce.

Tsawon lokacin ya danganta da fanni. Yawancin darussan kimiyya da ilimi da fasahar zamantakewa shekara 4 ne. Aikin gona da injiniya da shari'a shekara 5. Likitanci shekara 6. Wannan a takarda ke nan. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya ci kimanin wata 9 a 2020, ya kuma ci wata 8 a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da waɗannan biyu suka rutsa da shi ya rasa kusan shekara ɗaya da rabi. Bayan kammalawa kuma akwai shekarar hidimar ƙasa, wadda aka soma tun 1973.

Me Ya Sa Buhun Gero?

Lissafin da zai ratsa shekara talatin ba zai yiwu da naira ba, domin darajarta tana sauyawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa naira 70,000 a 2024, amma a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a shekara. Akwai wata dabara mai sauƙi da ake kira ƙa'idar 72: a raba 72 da adadin hauhawar, sai a sami shekarun da farashi zai ninka. Idan hauhawar kashi 24 ce, farashi zai ninka cikin shekara 3. Idan kashi 12 ce, cikin shekara 6.

Buhun gero kuwa yawan cikin da yake cikawa bana shi ne wanda zai cika baɗi. Don haka za mu mayar da kowane kuɗi zuwa buhu, ta hanyar raba shi da farashin buhu ɗaya a kasuwar garinmu. Farashin gero yakan faɗi da kaka ya tashi da bazara, saboda haka a ɗauki matsakaicin biyun.

Misalin Lissafi

Alƙaluman da ke biye ƙaddarawa ce domin koyon hanya. Kowane aji ya musanya su da na garinsa. Mu ƙaddara samari biyu sun gama sakandare a Kebbe da sakamako iri ɗaya. Na farko ya tafi jami'a, na biyu ya tsaya noma da sana'a.

Mataki na ɗaya, tsada. A ce tsadar fili ta na farko buhu 12 ce a shekara, tsadar ɓoye kuma buhu 8, tun da yana komowa gida da hutu yana taɓa aiki. Jimla buhu 20 a shekara, watau buhu 80 a shekara 4. Shekarar hidimar ƙasa za mu bar ta waje, bisa ƙaddara cewa alawus ɗin da ake biya, wanda ya koma naira 77,000 a wata a 2025, yana rufe abin da aka kashe.

Mataki na biyu, riba. Ribar digiri ita ce bambanci tsakanin samun mutanen biyu. Mutane da yawa sukan yi kuskuren ɗaukar dukan albashin mai digiri a matsayin riba, alhali abokinsa ma bai zauna hannu rabbana ba. A ce na farko ya sami aikin da ke ba shi buhu 25 a shekara, na biyu kuma yana samun buhu 15. Bambancin buhu 10 ne. Idan muka raba 80 da 10, za mu ga sai bayan shekara 8 da fara aiki digirin zai mayar da uwar kuɗi. A aikin gwamnati akan yi ritaya bayan shekara 35 na aiki ko cika shekara 60 da haihuwa, don haka duka ribar za ta kai buhu 350. A ido, 350 ya yi wa 80 fintinkau.

Mataki na uku, darajar lokaci. Buhun da ke hannu yau ya fi buhun da za a ba ka bayan shekara ashirin, domin na yau ana iya juya shi: a sayi ɗan tunkiya a turka, ko taki, ko a sa a fatauci. Wannan ba maganar bashi da ruwa ba ce. Awo ne na abin da dukiyar za ta haifar ta halal da an sa ta a wata sana'a. Idan gida yana iya juya dukiyarsa ta ƙaru da kashi 10 cikin 100 a shekara, to buhu 10 da za a samu baɗi daidai yake da 10 ÷ 1.1, watau kimanin buhu 9.1 na yau. Na shekara ta biyu 8.3, na shekara ta goma 3.9, na shekara ta 35 kuwa bai kai rabin buhu ba. Idan aka tara duka 35 ɗin, buhu 350 ya koma kimanin buhu 96. Haka nan buhu 20 da aka riƙa kashewa kowace shekara, da an juya su, da sun zama kimanin buhu 93 a ranar kammalawa. Ke nan 96 ne a gefe guda, 93 a ɗaya gefen: kusan kunnen doki.

Idan kuwa gidan ba ya iya juya dukiyarsa fiye da kashi 5 cikin 100, ribar takan zama kimanin buhu 164, tsadar kuma 86, sai digiri ya yi rinjaye a fili. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ɗan babban falke mai buɗaɗɗiyar kasuwa da ɗan ƙaramin manomi mai gona guda za su iya yin lissafi daidai su duka, amma su sami amsa daban.

Mataki na huɗu, jinkiri. Mu koma kan kashi 10. Idan yaron ya yi shekara 3 yana yawon neman aiki kafin bambancin ya fara shigowa, sai a raba 96 da 1.1 sau uku, ya koma kimanin buhu 72, ƙasa da tsadar 93. Shekara uku kacal sun mayar da kunnen doki faɗuwa. Ga darasin da ya fi kowane muhimmanci: shekarun farko su ne masu nauyi a ma'auni, don haka duk abin da ya jinkirta kammalawa ko fara samu, yajin aiki ne ko maimaita aji ko zaman jiran aiki, ya fi ƙarin kuɗin rijista illa.

Mataki na biyar, yiwuwa. Ba duk wanda ya shiga ke gamawa ba, ba kuma duk wanda ya gama ke samun aikin da ya dace ba. A ce cikin mutum 10 da suka bi wannan fanni, 6 ne suka sami ƙarin buhu 10, sauran 4 ba su fi abokansu na gida da komai ba. Ribar da za a sa rai ita ce 10 × 6 ÷ 10, watau buhu 6 a shekara. A ma'aunin kashi 5, wannan ya ba da kimanin buhu 98 a kan tsadar 86, riba ƙarama. A ma'aunin kashi 10 kuwa buhu 58 ne a kan 93, faɗuwa babba.

Tarkon Kallon Wanda Ya Tsallake

Daga ina za mu sami adadin waɗanda suka yi nasara? A nan ne tunaninmu ke yaudararmu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun riƙa duba jiragen saman da suka komo daga fagen fama domin su san inda za a ƙara sulke. Wani masanin lissafi, Abraham Wald, ya nuna cewa jiragen da ake dubawa su ne waɗanda suka tsira. Wuraren da ba a ganin huda a jikinsu, kamar wajen inji, su ne mafi haɗari, domin jirgin da aka harba a nan bai komo ba balle a ƙirga shi.

Haka muke yi da zancen karatu. Mai goyon bayan digiri zai ambaci Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Dogon Daji, ya sami digirin shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1991, ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, sa'an nan gwamnan Jihar Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. Mai adawa kuma zai ce ai Alhaji Shehu Shagari, daga garin Shagari da ke maƙwabtaka, malamin makaranta ne da bai yi jami'a ba, amma ya zama shugaban ƙasa a 1979. Duka labaran gaskiya ne, sai dai babu wanda ya isa hujja, domin mutum guda fitacce ba ya wakiltar dubbai da ba a ji sunansu ba.

Hanyar kimiyya ita ce a ɗauki aji guda cikakke da ya gama makarantarku shekara goma da suka wuce, a bi sawun kowa da kowa, wanda ya ɗaukaka da wanda bai ɗaukaka ba. Ko a nan ma da sauran taka-tsantsan: mai yiwuwa waɗanda suka tafi jami'a tun asali sun fi ƙwazo ko gidansu ya fi hali, don haka ba duk bambancin ne aikin digiri ba. Domin kauce wa wannan, wasu masana a Amurka sun yi bincike a kan tagwaye masu kama ɗaya waɗanda karatunsu ya bambanta, suka tarar har a tsakanin tagwaye wanda ya fi karatu ya fi samu. Ashe dai karatun da kansa yana da tasiri.

Takarda ko Ƙwarewa?

A 1973 Michael Spence ya kawo wani bayani. Ya ce takardar shaida tana aiki ne kamar alama: mai ɗaukar ma'aikata bai san cikin mai nema ba, sai ya dubi takarda ya ce wanda ya jure shekara huɗu na jarrabawa tabbas yana da ƙwazo. Alama kuwa tana da daraja ne gwargwadon ƙarancinta. A 1962 jami'o'i 5 ne a Nijeriya, a Ibadan da Nsukka da Ife da Zariya da Legas, kuma mai digiri aiki ke nemansa. Zuwa 2024 jami'o'in sun haura 250. A Sakkwato da kewaye kaɗai, ban da ta Danfodiyo, akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, da ta kimiyya da fasaha a Aliero, da ta tarayya a Birnin Kebbi. Guraben aikin gwamnati ba su ƙaru da wannan sauri ba.

Takarda tana da sauran amfani inda doka ta gindaya ta. A aikin gwamnati mai takardar sakandare yakan fara daga mataki na 04, mai NCE mataki na 07, mai digiri mataki na 08, kuma babu mai zama likita ko lauya ko mai haɗa magunguna ba tare da digiri da rijistar hukumar sana'arsa ba. A waje da wannan, kasuwa tana biyan abin da mutum ya iya yi ne. Mai digirin aikin gona da ya san gwajin ƙasa da adana albasa da lissafin ciniki yana iya fitar da ribarsa daga fadamar gidansu ko babu takardar ɗaukar aiki. Wanda ya haddace takardun malami domin jarrabawa kawai, ya biya cikakkiyar tsada ya komo da alama zalla.

Abin da Ma'auni Bai Ɗauka Ba

Buhun gero ba ya auna komai. A 1979 John Caldwell ya wallafa bincike a kan bayanan da aka tattara a Ibadan da yammacin Nijeriya, ya nuna cewa 'ya'yan matan da suka yi makaranta sun fi tsira daga mutuwar ƙuruciya, ko da an yi la'akari da sauran bambance-bambancen gidaje. Binciken ya shafi karatun boko ne gaba ɗaya, tun daga firamare, amma ya isa ya nuna cewa ribar ilimi tana malala zuwa ga waɗanda ba su biya ba. Idan 'yar Kuchi ta zama likita ko ungozoma ko malamar lissafi ta komo gida, garin ne baki ɗaya ya ci riba. A rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2022, Jihar Sakkwato ce ta fi kowace, da kashi 91 cikin 100, kuma rashin ilimi da lafiya suna cikin ma'aunin. Wannan shi ne hujjar da ta sa ya kamata gwamnati da masu hali su ɗauki wani kaso na tsadar.

Har ila yau, ilimi jari ne da fari ba ya ƙonawa, ambaliya ba ta ci, ɓarayin shanu kuma ba sa korawa. A zamanin da matsalar tsaro ta addabi kiwo da noma a arewa maso yamma, wannan siffa tana da nauyi. Sa'an nan neman ilimi don kansa gado ne a wannan ƙasa, tun daga makarantun Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da 'yan tarun Nana Asma'u. Lissafi ba ya rage wa wannan daraja. Yana dai hana gida ya sayar da abin da yake ci da shi bisa zato.

Hanyoyin Karkata Ma'auni

Da yake mun san abubuwan da ke motsa lissafin, muna iya juya su.

1. Rage lokaci. Shirya wa jarrabawa sosai domin a sami Ingilishi da lissafi a zama ɗaya, a kuma guji faɗuwa darasi a jami'a. Shekarar da aka tsirar ta fi kowane rangwame.

2. Hawa mataki-mataki. Mai NCE ko difloma mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wanda ya fara da NCE ko kwalejin jinya ko ta kimiyyar lafiya ko ta fasaha, irin ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, yana iya fara samu da wuri, sa'an nan ya ƙarasa digiri yana aiki, ta karatun hutu ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Ta haka tsadar ɓoye takan ragu ƙwarai.

3. Riƙe sana'a. Ɗalibin da ya shiga jami'a da ɗinki ko gyaran lantarki ko kiwo a hannunsa ya rage tsadar ɓoye, ya kuma kare kansa daga zaman jira bayan hidimar ƙasa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

4. Zaɓen fanni da bincike. A tambayi waɗanda suka gama fannin shekara biyar da suka wuce, a ji nawa ne cikinsu ke cin abinci da shi. A kuma haɗa da abin da yaro ke so kuma yake iyawa, domin fanni mai tsoka ba ya amfanar wanda aka kora a aji biyu.

5. Neman tallafi. Ban da tallafin karatu na jiha da na tarayya, a watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar bashin ɗalibai, wadda asusun NELFUND ke gudanarwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Bisa tsarin, bashin ba shi da ruwa, ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. A ƙarƙashin ƙa'idar 72, idan hauhawar farashi kashi 12 ce, naira da za a biya bayan shekara 6 tana sayen rabin geron da ta saya ranar da aka karɓa. Duk da haka bashi hanji ne, sai a karanta sharuɗɗa kafin a sa hannu.

6. Tsare uwar dukiya. Sayar da amfanin gona ko ƴaƴan garke domin karatu jari ne. Sayar da gonar kanta kuwa yana ɗaga tsadar ta shafi dukan gida har tsawon rayuwa.

Kammalawa

Digiri yana mayar da kuɗinsa idan sharuɗɗa uku sun haɗu: an gama shi a kan lokaci, an fito da ƙwarewar da wani ke bukata, kuma an fara amfani da ita ba tare da dogon jira ba. Idan ɗaya ya ɓaci riba takan ragu, idan biyu suka ɓaci akan faɗi. Yawancin waɗannan sharuɗɗa ana gina su ne tun daga ajin sakandare, a darasin lissafi da ɗakin gwaji da hutun da aka yi a shagon sana'a. Saboda haka, kafin a yanke shawara a zaure, a samo takarda da alƙalami, a zaunar da yaron ko yarinyar da abin ya shafa, a lissafa tare.

Aikin Aji

1. Ku binciko farashin buhun gero a kasuwar garinku da kaka da kuma bazara, ku fitar da matsakaici, sa'an nan ku mayar da naira 70,000 na wata goma sha biyu zuwa buhu.

2. A misalinmu, idan yajin aiki ya mayar da shekara 4 zuwa 5, nawa tsadar za ta zama, kuma shekara nawa za a yi kafin a mayar da uwar kuɗi idan bambancin buhu 10 ne?

3. Ku yi amfani da ƙa'idar 72 ku gano shekarun da farashi zai ninka idan hauhawar kashi 8 ce, da kuma idan kashi 18 ce.

4. Tare da malaminku, ku bi sawun aji guda da ya gama makarantarku shekara 10 da suka wuce. Ba tare da rubuta sunan kowa ba, ku ƙirga nawa suka yi digiri, nawa NCE ko difloma, nawa suka tsaya sana'a, da abin da kowane rukuni ke yi yanzu. Ku bayyana yadda za ku kauce wa tarkon kallon wanda ya tsallake.

5. Ku kawo amfani uku na karatun 'ya mace mai zurfi ga ƙauyenta waɗanda ba za a iya aunawa da buhu ba.